Direban da ba a ce masa tsaya

Faɗanmu da Bappayo a kan sauka ne. Ina dawowa daga kasuwar Azare, na sayar da busasshen kifina, na ce bari in sauka a mararrabar da ke kafin tamu, in yi wa wata ƙawata gaisuwar rasuwar mijinta. Na ce, "Akwai mai sauka!" Mota ba ta rage gudu ba. Na bubbuga jikinta, mata suka taya ni ihu, mutumin nan ko waiwaye. Gidan gaba buhunan gero ne ranar, mu kuwa na baya mata ne zalla, wa za ta kai hannu jikin mijin wata? Sai da ya kai ni gindin tsamiyar garinmu, inda na saba sauka, ya taka birki, ya juyo yana murmushi.

"Inna Kellu, mun iso."

"Mun iso ina? Motar nan ta ubanka ce ko ta jama'a?"

"Madalla, Inna. A gai da gida."

Na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa.

Motar ta jama'a ce kuwa. 'Ya'yan garuruwanmu da ke aiki a birane su suka haɗa hannu suka saye ta, take bin ƙauyuka tsakanin Katagum da Azare, ba don riba ba. Abin da ake bayarwa na mai ne da gyara, ko kwandasta ba ta da shi. Bappayo suka damƙa wa makulli. Bafulatani ne daga wajen Itas, ya tashi a bayan shanu, shanun suka ƙare, ya bi manyan motoci kudu ya yi shekaru, ya dawo da furfura. Amma ƙafar yawon ba ta koyi zama ba. Ban taɓa ganin mutumin nan a zaune ba sai a kan sitiyari. Fura a tsaye yake sha. In muna lodi yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa tayoyi, ya goge gilashin da ya riga ya goge. Ana sallame sallah takalminsa na hannu.

Kowa yabonsa yake: Bappayo ba a ce masa tsaya. Ya san masu zuwa asibiti, ya san inda malamar firamare take sauka, ya san wadda ta yi yaji da ƙofar da za a ajiye ta. Kafin ka buɗe baki ya tsaya. Ni kuwa abin ya yi ta sosa ni. Wanda aka zagi ubansa ba ya cewa madalla.

Wata ranar kasuwa na lallaɓa bayansa yana duba ruwan inji, na ce da ƙarfi, "Bappayo, akuya na cin hularka." Shiru. Na zagaya ta gabansa na motsa baki kawai, ba murya. Ya ce, "Lafiya lau, Inna." Ashe ƙugin injin manyan motoci ya cinye kunnen. Haddace mu ya yi ɗaya bayan ɗaya don kada a gane, ni kuma na ɓata masa da na canza wurin sauka.

Na rasa inda zan sa kaina. In gaya wa Malam Abdulrahim, shugaban ƙungiyar motar, su karɓe makulli, mutumin da zama ke kashewa ya zauna? In yi shiru? Na je ƙofar gidan Malam na juyo. Sai na koma zama bayan kujerar Bappayo da maficina, in wani ya ce akwai, in zungure shi da ƙotar. Bai tambaye ni ba, ban faɗa masa ba. Amma ni ranar kasuwa kawai nake shiga.

Da damina, ya kauce wa wani rami, tirela na bayanmu tana ta oda. Na zungure shi, ya ɗauka sauka ce, ya taka birki. Ta wuce ta gefenmu ta tafi da madubi. Suwaiba jikar maƙwabciyata na cikin motar da jaririnta a goye.

Tun ranar ban sake ganinsa ba. An ce da ƙafarsa ya kai wa Malam Abdulrahim makullin, bai jira an tambaye shi ba. Yanzu yana wurin ɗansa a Gololo, wai tun safe yake fita bin dabbobin mutane, ba wanda ya sa shi.

Ranar da tirelar ta tafi da madubin, da muka isa tashar Azare, na jira kowa ya watse. Yana ta zagaya motar yana shafa gurbin madubin. Na tare gabansa, na ja gyalena baya don ya ga bakina sosai.

"Inna, ramin ne," ya ce. "Kowa ya ga ramin."

"Rufe mini baki. Na rufa maka asiri har na kusa rufe jikar mutane da ƙasa. Ka kai makullin nan yau, da hannunka, kana tsaye kamar yadda ka saba. In ka bari gobe ta yi, ni zan kai maganar, kuma ka san muryata, ko kai sai ka ji."