Jar Akuyar Ɗan Malam

Duk wanda ya taɓa neman akuya ta kirki a Dutse, da wuya a ce bai ji sunan Ɗayyabu Ɗan Malam ba. Gidansa yana Takur, can ƙarshen layi, inda warin garke yake tarbar baƙo tun kafin ya yi sallama. Mahaifinsa, marigayi Malam Abdurrahman, ya yi shekara da shekaru yana karantarwa a zaurensa a Garu, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya ko ta wasa. 'Ya'yansa maza biyu ne. Yahuza, babban, shi ya ɗauko karatun, sai dai bai yi tsawon rai ba, ya rasu ya bar matarsa Lauratu da yara a tsohon gidan. Ɗayyabu kuwa tun yana ƙarami littafi ba ya zama a hannunsa. Ana biya karatu a zaure, hankalinsa yana bayan gida wajen awakin mahaifiyarsu. Malam ya yi faɗan, ya yi addu'ar, daga baya ya haƙura ya ƙyale shi da dabbobinsa.

A gaskiya kiwon ya karɓe shi. Yana da hannu, yana kuma da baki, don Ɗayyabu in ya fara yabon akuya sai ka ji kamar ka nemi aurenta. Da waya ta zama kasuwa, sai ya buɗe guruf a WhatsApp ya sa masa suna Gwanjon Ɗan Malam. Duk Laraba bayan la'asar yakan ɗora bidiyon dabba, ya buɗe mata baki a ga haƙora, ya zagaya da ita a ga tafiyarta, sannan a shiga tayi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: da ladan ya ɗaga murya da kiran magariba an rufe, wanda tayinsa yake sama shi ke da dabba. Mutane daga Ringim, daga Garki, har daga Gumel suna turo kuɗi ba tare da sun taɓa shafa bayan abin da suka saya ba. Ɗayyabu ya san dalili sarai. Ba bakinsa suke saya ba, sunan Malam suke saya, shi ya sa ma ya liƙa shi a guruf ɗin.

Abin da ya same shi ya same shi ne a wata bazara da dusa ta yi tsada, kasuwa kuma ta kwanta. Yana da wata jar akuya mai ciki da ya yi wa hidima kamar 'ya, ita ya ɗora a wata Laraba. Aka yi ta kallo ana yabawa, amma mai tayi na gaske mutum ɗaya ne, wani dattijo daga Ringim, Alhaji Bubayero, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi ya koma kiwo. Ya yi tayinsa, aka yi shiru. Rana tana ta yin ƙasa, ba wanda ya ƙara ko sisi, ran Ɗayyabu kuwa sai tafasa yake.

Nan idonsa ya faɗa kan wayar matarsa Zaituna, tana caji a kan taga. Lambarta tana cikin guruf ɗin tun farkon buɗe shi, lokacin da yake neman cika jama'a, da sunan da ta sa wa kanta, Maman Madina. Ita ko leƙawa ba ta yi. Kada wani ya ce Ɗayyabu bai san hukuncin ba. Ya sani, don da kunnensa ya ji Malam yana karantar da shi: najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba, sai don ya ingiza wani. Har muryar Malam ya ji a lokacin, da yadda yakan buga hannu a buzu in ya zo wajen. Duk da haka ya miƙa hannu ya zare wayar daga caji.

Maman Madina ta ƙara, Alhaji ya ƙara. Ta sake ƙarawa, Alhaji bai ja da baya ba. Da Ɗayyabu ya ga farashi ya kai inda yake so, sai ya janye ta. Da a nan ya tsaya da sauƙi, amma mai baki ba ya iya barin magana ba gishiri. Don abin ya yi kama da gaske, sai ya rubuta da wayar cewa ta haƙura, ƙarfinta ya ƙare, da ma marayu take so ta saya wa su samu abin kiwo. Ladan ya kira salla, Ɗayyabu ya sallama wa Alhaji, ya mayar da wayar caji, ya yi alwala ya tafi masallaci kamar ba abin da ya faru.

Washegari da hantsi Alhaji Bubayero ya iso da kansa, dogo, fari, da sanda a hannu. Ɗayyabu ya shigo da shi garke ta ƙofar baya, katanga ɗaya ce tsakaninsu da tsakar gida. Dattijon ya duba akuyar ya ce ba laifi, amma fuskarsa ba walwala. Ya ce jiya tuwo ya ƙi wuce masa. Shi da ya yi jikoki, ya tsaya yana jayayya da macen da ke riƙon marayu har ya karɓe abin da ta sa wa rai? Ya ce tun asuba ya yi niyya, akuyar nan ta marayun ce, yanzu zai kira baiwar Allahn ya ji inda take a kai mata.

Ɗayyabu ya buɗe baki zai tare shi, amma ya makara. Yana kallo Alhaji ya lalubo lambar ya danna. Sai ga waya tana ƙara a bayan katanga. Zaituna ta ɗauka ta yi sallama, muryarta ta fito ta wayar Alhaji, ta kuma tsallako katanga a lokaci guda. Dattijon kunnensa ya fara nauyi, bai lura ba tukuna.

“Maman Madina ce? Ki yi haƙuri da abin da ya faru jiya. Ya haƙurin rashi? Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.”

“Wane maigidan?” in ji Zaituna. “Baban Madina? Yanzun nan fa ya shiga garke da baƙo!”

Ba ta tsaya jin amsa ba, ta zagayo a guje ba ko mayafin kirki, waya a kunne. Ta yi turus. Ga mijinta a tsaye da ransa, riƙe da igiyar akuya, ga baƙo da waya a kunne yana kallonta. Alhaji ya sauke wayar a hankali. Ya dubi matar, ya dubi Ɗayyabu, ya daɗe yana dubansa. Ɗayyabu ya ji da ma ƙasar garken ta tsage ya shige, da kashin awakin da komai.

Dattijon bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce shi ya san Malam Abdurrahman, ya sha tsayar da mota a Garu don ya ɗauki karatu, kuma don sunansa ya turo kuɗinsa ido rufe. Ɗayyabu ya durƙusa ya ce zai mayar masa da kuɗinsa duka, akuyar ma ya tafi da ita. Alhaji ya ce ba kuɗi ya kawo shi ba. Ranar Laraba mai zuwa, in an buɗe gwanjo, zai faɗa wa jama'ar guruf abin da ɗan Malam yake yi da sunan Malam. Ya juya ya fita, ya bar akuyar a ɗaure.

A cikin gida ma ba sauƙi. Zaituna ta karanta saƙon da idonta, ta ajiye wayar, ta ce ita cutar dattijon ma ba ta kai wannan ƙona mata rai ba. “Da hannunka ka kashe kanka, ka mai da ni bazawara, ka mai da 'ya'yana marayu, duk a kan akuya. Ba ka ji tsoron bakin mala'iku ba?” Ranar Ɗayyabu bai iya haɗa ido da Madina ba, 'yarsa da ko me ake ciki ba ta sani ba.

Kwana biyu yana juyi, abinci ba ya masa daɗi. Kasuwar ma in ta mutu zai iya jurewa. Abin da ya kasa jurewa shi ne a ce a Ringim da Garki ana ambaton sunan Malam ana taɓe baki. Daga ƙarshe ya shiga mota ya tafi Ringim, ya yi tambaya har ƙofar gidan Alhaji Bubayero. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa, bai kawo uzurin dusa ko na kasuwa ba, ya ce ya yi laifi kuma ya san laifi ne tun kafin ya yi. Dattijon ya bar shi a zaune har ya gama jan carbinsa. Sannan ya ce zai rufa masa asiri, ba don shi ba, don mai sunan. Amma ya cire Malam daga sunan guruf ɗin, ya yi kasuwa da nasa sunan. Ƙarin da aka ingiza shi ya yi kuma a sayi dusa da shi a haɗa da akuyar. Ita kuwa akuya ya riga ya yi niyyar marayu, ba zai janye niyya don wani ya yi ƙarya ba. Tunda Ɗayyabu ne ya ƙirƙiro marayu, shi zai nemo na gaske ya kai musu da ƙafarsa.

Ya dawo Dutse, ya cire sunan Malam daga guruf ɗin tun a mota. A gida ya zauna yana tambayar Zaituna ko ta san wata mai marayu a unguwa, ko ya je wajen mai unguwa ne a nuna masa. Zaituna ta daina tankaɗen da take yi, ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

“Mai unguwa? Baban Madina, 'ya'yan Yaya Yahuza fa?”

Wannan ta fi ta Alhaji shiga jikinsa. Rabonsa da gidan na Garu tun sallar bara, ita ma a tsaitsaye. Ba gaba suke yi ba, ba komai, kullum dai sai ya ce sai an kwana biyu in kasuwa ta sarara. Ya iya tuno marayu don ya ja farashi, amma na gidan ubansa ko a ransa ba su zo ba.

Da safe ya ɗora buhun dusa a babur ɗin haya, shi kuma ya ja akuyar a ƙasa har Garu. A hanya ana ta gaishe shi da Ɗan Malam, yana amsawa kansa a sunkuye. Zauren da Malam yake karantarwa yana nan, sai dai rufin ya fara zubewa ta gefe guda, bai ma san haka ba. Lauratu tana wanki a tsakar gida. Da ta gan shi ta yi dariya ta ce yau ɓatan hanya aka yi ne, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Yaran suka zagaye akuyar suna shafa cikinta. Da ta gane tasu ce, sai idonta ya kawo ruwa, ta shiga sa masa albarka, tana cewa Malam ya bar baya, jini ba ya ƙarya. Kowace addu'a sai ya ji ta kamar mari.

Ya so ya yi shiru ya karɓe, don ba mai tona shi. Amma ya gaji da cin abin da ba nasa ba.

“Ba ni ba ne, Yaya Lauratu. Wani dattijo ne daga Ringim ya ce a kawo wa marayu.”

“Ya san babansu ne?”

“Bai san shi ba. Ku ma bai san ku ba.”

Lauratu ta goge hannunta a zani, ta dubi akuyar, sannan ta dubi ƙanen mijinta, ba da fushi ba.

“Allah sarki,” in ji ta. “Wanda bai san mu ba.”

Ɗayyabu ya tashi ya ce bari ya nemi inda zai kafa mata turke. Ya daɗe a can bayan ɗakunan, fiye da lokacin da kafa turke ɗaya zai ci.