Tantabarar Baban Briskila

Isha'aku mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma a Jidda mai wannan sana'a ya fi ango farin jini idan zafi ya kankama. Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kalmomin su ƙare masa. Bahaushe ne daga wani ƙauye a bayan Malumfashi, kuma Kirista, abin da ya ɗaure mini kai da farko, domin ni mutumin Tasawa ne, ban taɓa zama da irinsa ba. A gidan da muke haya a unguwar Mahjar kowa Baban Briskila yake ce masa, da sunan 'yarsa tilo wadda ya baro tana tatata.

Ni kuwa Ɗayyabu, tantabaru nake kiwo a saman benen, kuma a can muka saba. Bayan la'asar, idan iskar teku ta fara kaɗawa da ɗanɗanon gishirinta, sai in saki tsuntsayena. Su yi ta kewaya sama, can nesa ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa suna tsaye cikin hazo kamar raƙuman da suka gaji. Shi kuma ya hau da kofin shayinsa, ya jingina da tankin ruwa, ya buɗe waya, ya shiga wata duniya.

Girkanci yake koyo, irin na dā wanda aka rubuta littafinsu mai tsarki da shi. Da ƙuruciya ya fara makarantar fastoci bai gama ba, abin ya tsaya masa a rai. To sai ga wani malami a Jos yana aiko masa da darasi ta murya. Ka ga dattijo da furfura yana bita kamar ɗan yaye, idanunsa a lumshe.

"Baban Briskila," na ce masa wata rana, "Larabcin da ake yi a ƙofar gidanka ya gagare ka shekara da shekaru, sai yaren mutanen da suka mutu?"

Ya yi murmushi. "Alhaji, akwai kalmar da nake ji tun ina goye, fansa. Ina so in ga yadda take a gidansu."

Ba a banza yake neman kalmar nan ba. Matarsa Na'omi ta rasu a gida yana Jidda, takardun fita ba su fito da wuri ba, aka binne ta ba ya nan. Tun daga lokacin bai ƙara taka gida ba, ko hutu aka ba shi sai ya ce aiki ya yi yawa. Gwaggon yarinyar ce ta riƙe ta. Yanzu ga shi Briskila za ta yi aure, kuma ta rantse ba za ta shiga coci ba sai hannunta na cikin na ubanta. Mazen, ɗan tsohon kafilinsa, wato ubangidansa, wanda ya gaji shagon da yake aiki, mutumin kirki ne. Ya yi masa takardar fita ta ƙarshe, ya miƙa masa fasfo da tikiti, ya ce, "Halas ya ammi, ya isa haka baffa, ka yi mana komai, je ka huta."

Amma kullum gari ya waye sai ka ga Isha'aku a bencin ƙofar shagon da akwatin kayan aikinsa, tun kafin a buɗe. Takardar kuwa tana da wa'adi, kwanakin biki suna matsowa, jakarsa ko ƙura bai kakkaɓe mata ba. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Wata yamma ya tarar da ni ina ɗaure fiffiken wata farar tantabara mai toka-toka a wuya, da zare. Ya tambayi dalili. Na ce sayar da ita zan yi, kuma haka ake yi: a ɗaure ta har ta saba da sabon gida, sannan a kwance.

Ya zuba mata ido kamar ya ga wata 'yar'uwa. Ya ce a makon nan suka iso kan kalmar da yake jira. Lutron take da Girkanci, kuma tushenta daga kwancewa ne: abin da ake bayarwa domin a kwance wanda yake ɗaure.

"Sayar mini da ita," in ji shi.

Na sayar. Ya zauna ya warware zaren da yatsunsa masu kanta, a hankali, ya ɗaga ta ya fuskanci teku, ya buɗe hannu. Ta tashi. Rana tana faɗuwa, fiffikenta ya yi ja, ta yi sama har ta zama ɗigo. Fuskarsa a lokacin, wallahi ban taɓa ganin ta haka ba. Ni dai na cije leɓe na riƙe dariyata, domin na san abin da bai sani ba. Kafin shayinsa ya huce ta dawo ta sauka a bakin akurkina tana gyara gashi.

Ranar Juma'a ya sa ta a kwali ya kai ta har bakin teku, ya sake ta a can. Ta riga shi isowa gida.

"Na saye ta, na kwance ta," ya ce. "Me take nema a keji kuma?"

"Kai ne dai ba ka san tantabara ba," na ce. "Ita ba ruwanta da sararin sama. Gida kawai ta sani."

A nan ne ya ci karo da ƙa'idarmu ta masu kiwo. Tsuntsun da ka sayar, idan ya dawo, ba ka buɗe masa ƙofa, ba ka ba shi ko ƙwayar gero. Ba naka ba ne. Ka bar shi a waje har mai shi ya zo ya ɗauka, in ba haka ba sunanka ya ɓaci a kasuwar tsuntsaye. Don haka na rufe akurki. Ta koma kan tankin ruwa ta takure, tana kallon 'yan'uwanta suna cin abinci ta cikin raga.

Washegari ya hau ya same ta a wurin, bakinta buɗe saboda zafi. Ya ce, "Alhaji, don Allah buɗe mata."

Raina ya ɓaci. "Ba zan buɗe ba! Da Mazen yana da hankali irin nawa, da kai ma ya rufe maka ƙofa tuntuni. An sallame ka, ya akhi, ɗan'uwana, 'yarka tana jira, kai kana kan benci kamar wannan tantabarar."

Na faɗa na yi da-na-sani, amma maganar ta riga ta fita. Can aka fara kiran magariba daga masallatai, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa. Na sauka na yi salla na dawo, yana nan inda na bar shi, tantabarar tana cikin tafinsa tana shan ruwa daga murfin kwalba.

"Tun ina yaro," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "idan aka ce Almasihu ya fanshe mu, nauyin abin da aka biya kawai nake ji. Da Na'omi ta tafi sai na ga ban cancanta ba, na ce bari in yi ta aiki ko zan rage bashin. Da na ga kalmar a Girkanci na ce ashe kwancewa ce, na yi murna. Amma rabi na gane. Wanda ya fanshe ka ba ya sakin ka a iska ya juya baya. Ka zama nasa, gida zai kai ka." Ya share ido da bayan hannu. "Tsoro nake ji, Alhaji. Me zan ce wa yarinyar nan?"

Ni Musulmi ne, akwai inda hanyarmu ta rabu, shi ma ya sani, ba mu taɓa faɗa a kai ba. Amma tsoron uba na gane shi sarai. Na ce, "Kar ka ce komai. Ka miƙa mata hannu, abin da ta roƙa ke nan. Yalla, tashi mu ga jakar nan."

Ranar tafiya ya hau benen da rigarsa ta shadda wadda ta sha ninki. Ya ɗora mini tantabarar a hannu ya ce, "Na ba ka ita kyauta. Yanzu taka ce, ƙa'ida ba ta hana ba." Na buɗe mata, ta shige kamar ba ta taɓa fita ba. Ban raka shi filin jirgi ba, don ba na son a ga hawayena.

Bayan kwana biyu, da hantsi, saƙon murya ya shigo daga wayarsa. Abin da na fara ji shi ne ruwan sama yana dukan kwano, ƙarar da na manta tana duniya. Sannan muryar mace, tana dariya tana shessheƙa.

"Baba Ɗayyabu, ni ce Briskila. Ya iso. Tun jiya ya ƙi sakin hannuna."

Na saurara har sau nawa ban sani ba. Daga nan na hau sama na buɗe akurki na sake su duka, ko da yake lokacin tashinsu bai yi ba.