Jinin da Na Laƙa wa Goro

A layinmu na Tudun Wada, mu tsofaffi kwano ɗaya muke cin tuwo a ƙofar shagon ɗinkina. Wanda aka ji yana tarin jini kuwa, kwanonsa daban, tabarmarsa daban, gaisuwa daga nesa. An taɓa yi wa wani, har da ni a masu matsawa. Shi ya sa da na fara tofar da ja, sai na ƙara cin goro, ina washe wa kowa haƙora.

Azumi ne ya tona ni. Da rana tsaka na yi tari na tofar, ladanin masallacinmu ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Malam tela, goro da azahar?"

"Mantuwa ce, Malam."

"Jiya ma mantuwar ce?"

Na auna abin: a ce ba na azumi, ko a ce tibi gare ni. Na ɗauki na farko. Wanda ba ya azumi wa'azi ake masa, amma da shi ake cin tuwo.

Ana gab da Sallah, ina kan keken ɗinki, jini ya ɓalle mini ta baki da hanci, a kan farar shaddar mutane. Maƙwabcina, wani Batangale tsohon malamin makaranta, ya cusa ni a motarsa, yana gudu yana faɗa: "Kai tsoho, kar ka mutu mini a kujera, jiya aka wanke ta!"

A asibiti, likita ta ɗaga hoton ƙirjina. Ba tibi ba ne. Wai wani guntun huhu ne aka haife ni da shi, ba ya shaƙar iska, ba ya aikin komai, amma ya ja jijiyar jini tasa shi kaɗai yana sha, har ta fashe. Na ce, "Likita, ashe ma'aikacin bogi nake goyo tun ina jariri." Ba ta yi dariya ba. Ta ce saura ƙiris ya kashe ni. Aka yanke shi, aka ɗinke ni, ɗinkin da ni kaina ban sami abin kushewa ba.

Ranar da na dawo, na miƙa hannu cikin kwanon jama'a, ladan ya riƙe ni.

"Naka daban ne."

Na janye hannuna. Sai aka turo mini wani ɗan kwano: hanta da zogale, wai in mayar da jini. Su kuwa miyar kuka, suna ci suna satar kallo.

Na warke tuni. Amma duk sanda na ji sun fara shawarar mayar da ni cikinsu, sai in dafe ƙirji in ɗan yi nishi.