Yadda Baba Ya Auna Ni

Duk shekarun da na yi ina tuƙa tasi a New York, ƙafata ba ta taɓa kai totur ƙasa ba. Ga danja, ga kyamarar gudu, ga mai keke ya faɗo maka ta inda ba ka zata ba, ga fasinja a baya yana huci wai ya makara. Sai mutum ya wuni a bayan sitiyari bai yi tuƙi ba, lallaɓawa kawai ya yi. Ni kuwa tun ina yaro a Kano abin da nake so da mota shi ne gudu, kuma har furfura ta fito min ban taɓa yin sa ba sai a baki.

Likitar ido ce ta zaburar da ni. Na je a canza min tabarau ne, ta sa ni leƙa wata na'ura, duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna maɓalli. Na tashi ina jin na ci jarrabawa, ashe da yawa daga ɗigon ban ma san sun kunna ba. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin gefen ganina ban sani ba, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Na ce to tuƙi fa? Ta ce a yanzu dai ina iyawa, mu ga abin da gwajin baɗi zai nuna. Na gane abin da take nufi, ba sai ta ƙarasa ba.

A cikin jirgin ƙasa mai lamba D da nake komawa gida, ya kamata a ce tunanin abin da iyalina za su ci nake yi. Allah ya sani ba shi ya fara zuwa min ba. Abin da ya dame ni shi ne zan ajiye sitiyari ban taɓa jin yadda mota take idan aka sakar mata mara ba. Haushi ya kama ni, irin wanda ba ka san wa za ka sauke wa ba.

Wata ƙaramar motar Japan na samo a Port Richmond, mai kujera biyu da rufin tamfol, ta girmi babbar 'yata. A bayan gidan wani tsoho take, gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara ya cinye mata ƙasa, ɓera ya yi gida a cikin but. Na san akwai wani filin tsere can arewa da birni inda ake ware ranaku don irinmu, ka zo da motarka, a duba lafiyarta, malami ya zauna a gefenka, ka taka iya son ranka ba ɗan sanda ba kyamara. Rana ɗaya nake nema a filin nan kafin likita ta sake kirana.

Da na faka ta a ƙofar gidanmu a Grand Concourse, uwar yarana ta sauko ta zagaya ta sau ɗaya.

"Malam, wannan ta ɗaukar wa ce? Ko buhun shinkafa ba za ta ci ba."

Na ce ba ta ɗaukar kowa ba ce. Ta dube ni, ta dubi idona, don ta san abin da likita ta ce. Daga ranar ba ta sake yin maganar motar ba, sai dai in na dawo da baƙin mai a riga ta karɓa ta jiƙa.

Wanda ya kama min aikin wani dattijo ne makanike, Badamagare, da ke da ɗan lungu a wani gareji ƙarƙashin gadar jirgi wajen University Heights. Ya kusa haifata, kowa Baba yake ce masa. Ni kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bakano, saboda wasan da ke tsakaninsu da mu. Ranar da ya fara ganin motar ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana kaɗe wando, ya fara da Faransancinsu kafin ya dawo Hausa.

"Bon. Bakano, an cuce ka. Ashe Kanawa ma ana cutarsu a ciniki?"

Duk da haka ya karɓe ta. Ranar Lahadi bayan azahar muke yi, idan gareji ya yi shiru. Inji ba mu taɓa shi ba, don ba mu da halinsa, kuma Baba ya ce wanda bai iya tsayawa ba ba shi da hurumin neman gudu. Birki muka fara yi, da sabon mai wanda ba ya tafasa da zafi. Lagireto muka ciro daga wata irinta a wajen 'yan gwangwan. Tayoyi na hannu ne, wani ya gama yayinsu ya sayar min. Shokozoba ɗaya ta ƙi fita, notinta ya haɗe da tsatsa, muka kwashe Lahadi biyu muna zuba mata mai da zagi. Tsakanin mako kuma ni ne kullum ina matsar da ita daga wannan gefen titi zuwa wancan don motar share titi ta samu wucewa, kamar mai kiwon akuya a birni.

Duk abin da muka gyara sai wani ya ɓalle. Mun gama birki kuloci ya mutu, mun gama kuloci famfon ruwa ya fara yoyo. Bazara ta wuce ina kallon ranakun filin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idon ma bai tsaya jirana ba. Na fara lura ina juya kai gaba ɗaya kafin in ga madubin gefe, kuma sau biyu Baba ya miƙo min sifana ta gefe ban karɓa ba. Daga nan sai ya koma miƙo min ta gaba.

Abu na ƙarshe shi ne ƙarfen kariya. Mota mai rufin tamfol ba a barinta ta shiga filin sai da wani ƙarfe mai lanƙwasa a bayan kujeru, wanda zai tare kan direba idan ta kife. Yadda suke gwadawa abin dariya ne. Sandar tsintsiyar Bature suke ɗorawa daga saman gilashin gaba zuwa kan ƙarfen, ka zauna da hular kwano a kanka, dole kwanon ya kasance ƙasa da sandar. Ni dogo ne. In kai ya taɓa, sai an cire ƙafafun kujera an dasa ta a ƙasan mota, aiki na kwana da kwanaki.

Muka ɗaura ƙarfen, na sa kwano na zauna. Baba ya ɗauko sandar, ya zo ya tsaya a kaina, ya sunkuyo yana dubawa.

"Ka wuce, har da saura. Ba sai mun taɓa kujera ba."

Na yi hamdala. Ranar har tsire na saya mana.

Ranar ƙarshe da filin zai buɗe a shekarar muka samu, ganyaye sun gama zuba, sanyi ya fara cizo. Baba ya ce sai ya bi ni, ya zo da kaftaninsa da jaket a kai, ya naɗe ƙafafunsa a kujerar gefe yana ƙorafin Japanawa ba su san mutane ba. Tun daga bakin ƙofar filin na jiyo kukan injinan motoci. Rabona da irin wannan murna har na manta.

Wata Baturiya mai farin gashi ce ke duba motoci. Ta girgiza tayoyi, ta taka birki, ta leƙa inji, ta gyaɗa kai. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu. Sai ta ɗauko sandarta ta ce in sa kwano in shiga, in ɗaura bel, in jingina sosai, in ɗaga kai in dubi hanya kamar ina tuƙi. Na yi yadda ta ce. Ta ɗora sandar, na ji ƙwas a tsakar kaina.

Baba ya zaburo. Turancinsa ya ƙare a kalma ta uku, ya koma Faransanci, ya ƙarasa da Hausa.

"Ni na auna shi da hannuna! Ba ni sandar nan."

Ya karɓa, ya zo ya tsaya a kaina, ya sunkuyo. Sandar ta wuce sumul, har da saura. Ya juya zai yi wa matar gori, sai ya tsaya, ya sake dubana. Kafaɗuna sun sauka, haɓata tana kan ƙirji, idona yana kan gwiwata. Ban san na yi ba. Tun ina ɗan ƙarami haka jikina yake yi idan babba ya tsaya a kaina ina zaune, ba wanda ya taɓa cewa in daina, kuma ni ban taɓa lura ba sai ranar.

"Bakano," ya ce a hankali, "ashe sunkuya mini kake yi."

Matar ba ta ji me ya ce ba, amma ta ga abin da ya faru. Ta ce ta yi haƙuri, ba za ta iya sa hannu ba, don in motar ta kife ba zan samu damar sunkuyawa ba. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Baba ya zaro wuƙa ya farka rigar kujera, muka dinga yankar soso muna zubarwa a ƙasa, mutane suna wucewa suna kallonmu. Muka yanka har na zauna a kan ƙarfe. Sandar ta sake taɓawa, da kaurin yatsa ɗaya.

Wani malamin tuƙi ya tausaya min, ya ce in zo ya zagaya da ni a motarsa in zauna a gefe. Na ce na gode, ba na so. Baba ya ce in je mana, ko ba komai na gani. Na ce masa zaman fasinja yana nan yana jirana har ƙarshen raina, ba yau zan fara ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ko a lokacin ƙasa nake kallo. Muka yi sallah a bayan motar, muka ci abincin da uwar yara ta ƙulla mana, muka juyo gida a layin masu tafiya a hankali.

Da dusar ƙanƙara ta fara, Baba ya ce in bar masa motar a gareji. Ban tambaye shi me zai yi da ita ba. Kafin sanyi ya gama fita likita ta kira ni gwaji, na sake zama gaban na'urar nan ina jiran ɗigon haske, na daɗe ban danna komai ba. Ba ta yi dogon bayani ba, ni ma ban nema ba. Na mayar da tasin da nake aiki da ita ga masu ita, na koma gida a jirgi.

Bayan wasu makonni Baba ya aiko in zo. Ya cire ƙafafun kujerar, ya dasa ta a ƙasan motar, ya ɗinke rigarta da ya farka. Ya san tuƙi ya ƙare min, ni na gaya masa da bakina. Duk da haka ya miƙo min kwano, ta gaba, ya ce in shiga. Na shiga na ɗaura bel, shi kuma ya ɗauko sandar.

"Ɗaga kanka, Bakano. Don Allah ɗaga."

Na jingina, na ɗaga, na dubi bangon gareji kamar hanya ce. Na jira ƙwas ɗin, bai zo ba.

"Ka wuce," ya ce.

Muryarsa kawai na ji, don a gefena yake tsaye, inda idona ya daina gani.