Kwalabe Goma Sha Biyu na Dakta Sambo

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da na goge wa Dakta Sambo aikin shekara uku da auduga ba. Ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ta wajen Dundaye, soja sun dawo mulki, kuɗin mai sun fara ja da baya. Injinan da aka sayo lokacin wadata suna nan cikin akwatunansu, babu mai haɗa su.

Dakta yana nazarin yadda ƙwayar bakteriya ke ɗinke zaren halittar da ta gada idan ya tsinke. Ya taɓa yi mini bayani da yaren gidanmu, don mahaifina dillalin shanu ne a kara. Wai akwai sinadarin da ke bin zaren yana datsa, sai ya iske wata alama ta harufa takwas, ya gane na gida ne, ya daina yanka ya soma gyara. "Kamar shaidar da ag ga cinyar saniya," in ji shi.

Bakteriya iri goma sha biyu ya haɗa da hannunsa, kowane a kwalbarsa cikin firji. Ido ba ya bambanta su, sai rubutun da ya yi da alƙalami a jikin gilashin.

Ranar Laraba aka aiko cewa soja za su zo duba tsabta. Shugaban sashe ya ce duk inda aka ga datti, mai wurin ya sha tsallen kwaɗo a gaban ɗalibai. Dakta ya tafi ta'aziyya. Ni kuwa tsoro ya hana ni tunani. Washegari na fito da kwalaben, na ga duk zane-zane, na bi su da auduga da ruwan sifirit na goge-goge har suka yi ƙal, na jera.

Sojan ya leƙo, bai ko buɗe firjin ba.

Da Dakta ya dawo Asabar, ya buɗe firjin, ya juyo. "Umaru, mi kay yi?"

"Tsabta niy yi, rankai shi daɗe."

"Wacce ta ta farko?"

Na dubi kwalaben, duk kama ɗaya. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Kujera kawai ya ja ya zauna. Damina ba ta zagayo ba ya ajiye aiki, ya koma kasuwancin hatsin gidansu a Ƙofar Rini.

Na ƙara shekara ashirin da shida a ɗakin nan, na gaji da koya wa sababbi abu guda: a aikinmu, abin da ka ɗauka datti wataƙila shi ne aikin. Halittar da ba ta da ido tana duba shaida kafin ta yanka. Ni da idona biyu ban duba ba.