Mai Kunne da Ramin Kore

Wanda ya ɓoye maka wautarka, sutura ya yi maka ko yaudara? Na daɗe ina juya wannan tambaya a kan Mai Kunne, ban sami amsa ba.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta da ƙarfe takwas. Zai share tebur, ya jera sukundireba da buroshi, ya goge tsofaffin lasifikarsa biyu. A wancan zamani kwamfuta na yawan bebancewa, kuma duk wadda ta yi shiru wajensa ake kawo ta. Kafin ya kwance ko da noti ɗaya sai ya kara kunne a jikinta. Nan sunan ya samo asali.

Wani lokaci katin sauti ne ya motsa daga mazauninsa, wani lokaci direba ce, wato manhajar da ke sarrafa sautin, ta lalace. Amma rabin masu zuwa, wayar lasifika kawai suka soka a ramin makirfo maimakon ramin kore, wanda shi ne na lasifika. Bai taɓa faɗa musu ba. Sai ya buɗe akwatin, ya hure ƙura, ya mayar da waya inda ya dace, ya ce, "Gajiya ce ta yi. Ɗauki abarka, ka riƙa sa wayar a koren."

Mai Kunne, kai ne ka san manyan layin nan da ba su iya bambanta rami biyu ba, kuma ba wanda ya taɓa jin sunansu a bakinka.

Bana kunnen ya fara gazawa. 'Yarsa ta sayo masa na'urar ƙara ji, ya jefa a aljihun tebur.

"Baba, don Allah ka gwada."

"In sa wannan, a ce Mai Kunne da kunnen aro? Wa zai sake kawo mini aiki?"

Ranar Laraba tsohon hedimasta ya kawo kwamfutarsa. Mai Kunne ya gyara zaman kati, ya sake direba, ya kunna. Karatu ya fito daga lasifika, ya cika shagon har tela na maƙwabta ya leƙo. Mai Kunne kuwa ya girgiza kai.

"Malam, har yanzu shiru ko?"

Hedimasta ya dubi tela, ya dubi ƙasa. "Shiru kam. Tsufa ne, ni da ita duka."

Mun gode maka, Mai Kunne. Irin wannan kara a wajenka aka koye ta, kuma masu tasowa a sana'ar nan su koye ta kafin su koyi riƙe sukundireba.

Mai Kunne ya miƙa hannu zai cire waya, sai tafinsa ya sauka a kan lasifika. Tana rawa. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Malam, ashe kai ma ka iya ƙarya."

Ya jawo aljihun tebur, ya lalubo na'urar, ya saƙala a kunne.

"To, rage mana muryar mana, za ka kurmantar da mutane."