Asabar Ɗin da Muka Sauka

Ni dai ban taɓa son ƙwallo ba. A gidan Gwaggo a La Courneuve, in ƴaƴanta maza suka kunna talabijin suna ihu, ɗaki nake shigewa in ja ƙofa. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da mai buga ta. Ɗan Damagaram ne kamar mu, mai tsaron baya, yana wasa a ƙungiyar wani ƙaramin gari a Jamus, a rukuni na uku. Da aka ɗaura mana aure ya koma bakin aikinsa, ni kuma na ci gaba da zama wajen Gwaggo ina kitso a wani shago a Château Rouge. Takarduna na Faransa ne, tun ina ƙarama aka kawo ni, a nan na yi lakkal, wato makaranta, har na bari. Nasa na Jamus ne, kuma a jikin kwantiraginsa suke rataye.

Tarihin ƙungiyar a kan matakala na koye shi. Ya zo hutun hunturu, lokacin cikina bai fito ba, muka dawo daga kasuwa muka tarar ascenseur, injin hawa bene, ya sake lalacewa. Ya karɓi buhun shinkafa ya saɓa, muka fara hawa. A kowane bene sai ya tsaya wai don in huta, ya ba ni labari.

Ya ce, "Kin ga nan ƙasa? Nan suka fara, ma'aikatan wata masana'anta ne, bayan an tashi aiki suke bugawa." Muka hau. "Nan suka daɗe." Muka ƙara hawa, ya nuna sama da haɓa. "Can ƙololuwa, rukuni na ɗaya, sun taɓa leƙawa tun ba a haife mu ba. Ba su jima ba aka turo su. Suka faɗo na biyu, suka sake hawa, suka sake faɗowa. Da masana'antar ta rufe sai da suka gangara har inda ba a kunna fitila a fili. Daga can suka lallaɓo zuwa na uku, nan na same su."

Ya ce wani tsoho mai wanke musu riguna ne ya ba shi labarin, kuma duk hawa da gangarar nan a idonsa aka yi. Jamusawa ma suna da suna ga irin wannan ƙungiya, in an fassara shi, ascenseur ke nan.

Na ce, "Irin namu na nan, wanda ba ya aiki?"

"A'a, namu na can yana aiki. Matsalar ba ka san ina ya nufa ba sai ka shiga."

Na yi dariya har da riƙe bango. Sai da muka kai ƙofa, yana haki, ya faɗa mini sauran. Kwantiraginsa na rukuni na uku ne kawai. In ƙungiya ta sauka na huɗu, ya mutu a ranar. Kuma a na huɗu ba a ba baƙo irinsa takardar zama don ƙwallo. Sai dai ya koma gida, in nema masa izinin zuwa daga nan, ni da ba ni da ɗakin kaina. Ya ce kada in sa a raina, suna tsakiyar teburin gasa. Na ce to.

Daga nan abin ya fara lalacewa. Mai ci musu ƙwallo ya karye, aka kori koci, aka kawo wani. Ɗan Gwaggo na tsakiya ya sa mini wani shafi a waya inda ake rubuta yadda wasa ke tafiya da Jamusanci. Ban iya karantawa ba, lambobi kawai nake kallo. Kowace Asabar da rana ina tsaye a kan wata mata ina kitsa ta, wayar tana cikin aljihun riga tana ɗumama mini cinya. In ta yi motsi sai yatsuna su saki gashi. Wata Hajiya ƴar Chadi ta taɓa juyowa ta ce, "Ƴata, kitso kike ko tsifa?"

Ciki kuma ya fito, kowa ya gani. Mai nama, mai sayar da atamfa, matan da ke zaune a shago, duk wanda ya kalle ni sai ya ce, "Allah ya sauke ki lafiya." Addu'a ce, ina cewa amin. Amma wallahi duk sanda na ji kalmar sauka sai gabana ya faɗi, don da ita nake kwana nake tashi. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai fahimta? Har na fara cewa "mun ci", "an ci mu", kamar ni ce a fili.

Gidan Gwaggo cike yake da maza, babu inda mai jego za ta sake. Aka shirya in tafi Lyon wajen Yaya in haihu a can. Gwaggo ce ta yanki tikiti, ba ta tambaye ni ba, kuma sai ya faɗo ranar wasan ƙarshe. In sun ci sun tsira. Kunnen doki ba zai ishe su ba.

Ranar da safe maigidana ya kira. Ko gaisuwa ba mu yi ta kirki ba. Ya ce, "Ki yi mana addu'a." Na ce, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci, na san ƙarya yake.

Jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Gare de Lyon kafin a take wasa. Wurina kusa da taga ne, gefena wani Bature yana cin sanwic yana karatu. Na ɗora wayar a kan cikina. Gonaki suna wucewa, shafin ya buɗe, ya rufe, ya tsaya yana juyi. Da ya dawo na ga mun ci ɗaya. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har Baturen ya ɗago. Abin da ke cikina ma ya yi ta harbi. Sai hanyar sadarwa ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗaga wayar sama, na manna ta da gilashi, na tashi na je tsakanin taragu inda ƙasa ke rawa, ina riƙe da ƙarfe ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ta dawo, an rama. A ƙasa kuma ga sunan maigidana da ɗan jan kati kusa da shi. Wannan ba sai an iya Jamusanci ba.

Ban san yadda sauran ya wuce ba. Na dai ga lambobin sun daina motsi, ɗaya da ɗaya. Na kira shi, a kashe. Na kira Yaya.

"Ke, kun kusa?"

Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Yaya, mun sauka."

"Kun sauka? To ina kike? Ban ma fito ba!"

"A'a, ina cikin jirgi. A cikin jirgi abin ya same ni. Yaya, an sauka, shi ke nan."

"Innalillahi! A jirgi? Ke da wa? Yana kuka?"

Na ce ban sani ba, ban ji muryarsa ba tukuna. Sai layin ya yanke, batir kuma ya bi shi.

Da na sauko a tashar Part-Dieu, tun daga nesa na hango ta tana gudu, ɗankwali a hannu, bayanta maƙwabciyarta ƴar Kamaru da tawul da fulas na ruwan zafi, mijin Yaya yana jan wani ma'aikacin tasha da hannu. Yaya ta tsaya cak. Ta kalli fuskata, ta kalli cikina yana nan yadda yake, ta leƙa bayana.

"Ke, ina jaririn?"

Na ce, "Ƙungiyarsu ce ta sauka."

"Ƙungiyar me?"

"Ƙwallo."

Ta ɗora hannu a ka. "Don Allah ku ji mini yarinya! Na kira Inna a Damagaram! An yi guɗa, an aika gidan surukanki!"

Maƙwabciyar ta zauna a kan akwatina tana dariya har da hawaye. Mijin Yaya yana ta ba ma'aikacin haƙuri da Faransanci. Ni ma bakina ya yi kamar zai yi dariya, sai kuka ya sake ƙwace mini, Yaya ta rungume ni. A nan ta daina faɗa. A mota na yi mata bayani tun daga matakala. Ba ta ce komai ba sai, "Shi ya sa kika rame."

Da yamma maigidana ya kira. Ya ce ɗan wasan can ya kusa shiga raga, dole ya ja shi, in aka maimaita ma haka zai yi. Ya ce mutanen garin sun zauna a fili sun ƙi tafiya, tsohon nan yana ta tattara riguna bai kalli kowa ba. Ya yi ta neman wata ƙungiya a makonnin da suka rage masa. Ya je gwaji wuri biyu, aka ce za a kira shi. Takardarsa ta ƙare kafin watana ya cika. Bai so ya zauna a ɓoye ba, don kada a hana shi dawowa har abada. Daga Jamus ya hau jirgi zuwa Yamai.

Mace na haifa. A waya babanta ya yi mata huɗuba, Yaya tana riƙe da ita a kunnenta, murya tana yankewa.

Har yanzu ina Lyon. Sabon kocin ya ce masa in sun koma na uku baɗi, yana cikin waɗanda za a fara nema. Ban san ko gaskiya ba ne, ko irin maganar da ake sallamar mutum da ita ce. Yaya ta ce in goge shafin nan, zai sa nonona ya ƙafe. Na ce mata na goge. Yanzu su ne na biyu a rukuninsu, na ɗaya kaɗai ke da damar hawa, kuma jibi za su je gidan na ɗayan.